An yi wa motata balansin sau biyu, amma ba ta daina girgiza ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser ta ɗaukar kaya da nake shiga daji da ita. Na ɗaga ta da inci biyu, na sa mata tayoyin laka masu inci 33 da sababbin rim. Tun daga nan, da na kai gudun kilomita 85 zuwa 100 sai sitiyari ya kama rawa, wani lokaci har a kujera nake ji. An yi mini balansin sau biyu, bai hana ba. Akwai kuma babbar motarmu mai taya goma da direba ke kukan tana tsalle da shi. Me ke jawo wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake biyan kuɗin balansin na uku tukuna. Balansin cuta ɗaya yake warkarwa, alhali abubuwan da ke girgiza mota sun kusa goma. Injin balansin nauyi kawai yake aunawa, wato ko wani ɓangare na taya ya fi wani nauyi. Ba ruwansa da ko tayar ta zagaye sosai, ko ta zauna daidai a kan rim, ko rim ɗin ya zauna a tsakiyar hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa. Tayar da ta karkace, inji zai iya nuna maka sifiri da sifiri a kanta, ka ɗaura ta, ta ci gaba da dukan kwalta. A motocin da aka ɗaga aka canza musu taya, nan ne gizo ya fi yin saƙa.

Ka fara da sanin dalilin da ya sa abin ke zuwa a wannan gudun. Taya mai inci 33 tsayinta kusan santimita 84 ne, kewayenta kuma kimanin mita 2.6. In kana gudun kilomita 95 a awa, tayar tana juyawa sau goma a kowace daƙiƙa. Ita kuma ƙafar mota, wato taya da hob da aksul da sifirin a haɗe, tana da nata bugun da take son yin tsalle a kai, wanda a yawancin motoci yake tsakanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin taya ya yi daidai da wannan bugun, ɗan aibin da ba ka ji a gudun 60 sai ya zama rawar sitiyari. Ka ƙara wuta ka wuce wurin, sai ka ji ya lafa. Shi ya sa mutane ke cewa motar ta warke da kanta a gudun 120. Ba ta warke ba, wucewa ka yi.

Ƙarfin da nauyin da ya yi yawa ke fizgar taya da shi kuma ba tafiya ɗaya yake yi da gudu ba. Ka ninka gudu biyu, shi ya ninka huɗu. Ɗauki busasshiyar laka mai giram 200, wadda ba ta cika tafin hannu ba, ta manne a cikin rim santimita 20 daga tsakiya. A gudun 48 tana fizga da ƙarfin kilo huɗu. A gudun 95 ta koma kusan kilo 16, tana bugawa sama da ƙasa sau goma a daƙiƙa.

Da gangan na kawo misalin laka, domin ita ce abu na farko da nake dubawa a duk motar daji. An taɓa kawo mini wata da mai ita ya riga ya sayi shokozoba sababbi guda biyu saboda girgiza. Na durƙusa na haska tocila ta bayan rim ɗin gaba na hagu, sai ga taɓo ya daskare a gefe ɗaya kamar an yaɓa shi da hannu, har da tsakuwa a ciki. Motar ta kwana a tsaye bayan ta fito daga fadama, taɓon ya gangaro ƙasa ya bushe a nan. Muka kankare shi da sukundireba, muka bi da ruwa mai ƙarfi, muka hau titi. Shiru. Mutumin bai san ko ya yi murna ko ya yi takaicin shokozobansa ba. Ka wanke cikin rim huɗun nan tas, ta baya, ba fuskar da ake gani ba. Kana nan kuma ka duba ko dalmar da aka manna a rim lokacin balansin tana wurinta. Duwatsu da laka suna fizge ta, kuma za ka ga shaidar gam ko wani ɗan wuri mai tsabta inda ta faɗi. Ruwa ma yana shiga cikin taya, daga kwamfaresar da ba a tsiyaye tankinta, ko maganin toshe huji da aka ɗura. Tayar da ke da ruwa a ciki ba ta karɓar balansin, kowane juyi inji wani lissafi zai bayar.

Sai shi kansa balansin ɗin da aka yi maka, an yi ko an yi ba a yi ba? Iri biyu ne. Akwai wanda ake sa dalma a layi ɗaya, yana hana tsallen sama da ƙasa kawai. Akwai wanda ake sawa a gefen ciki da gefen waje, shi ne ke hana taya kaɗa kai hagu da dama. Faffaɗar taya irin taka na biyun take buƙata, amma wasu masu aikin sukan zaɓi na farko don kada dalma ta ɓata fuskar sabon rim. Abu na biyu shi ne yadda aka ɗaura rim a kan injin. Rim mai babban rami a tsakiya, in aka riƙe shi da ƙaramin mazurarin ƙarfe kawai, ba ya zama a tsakiya. Ya kamata a haɗa da farantin da ke kama shi ta ramukan noti, yadda zai zauna a mota. Ga gwajin da za ka sa a yi a gabanka: bayan inji ya nuna sifiri, a kwance tayar, a juya ta rabin zagaye a kan sandar injin, a sake ɗaurewa a kunna. In ya sake neman giram 30 ko 40, to ba tayar aka auna ba tun farko, kuskuren ɗauri aka auna.

In kuma ka ga an jera dalma kamar tsawon ɗan yatsa biyu ko uku a wuri guda, wannan taya magana take yi. Tayoyin laka suna cin dalma fiye da na kwalta saboda kaurin robarsu, amma in abin ya yi yawa, a sace iska, a juya tayar a kan rim rabin zagaye, a sake aunawa. Sau da yawa ɓangaren taya mai nauyi ne ya haɗu da ɓangaren rim mai nauyi.

Yanzu ga inda na fi zargi a motarka, wato zagayen taya. Ka ɗaga ƙafa ɗaya da jak har ta bar ƙasa kaɗan, ka tokare motar da abin tokara mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka ajiye wani abu tsayayye, ko bulo da fensir a kai, bakin fensir ɗin ya kusa taɓa tsakiyar tafin tayar. Juya ta a hankali da hannu, idonka a kan ratar. In tana buɗewa tana rufewa, tayar tana da tudu. A irin motarka, abin da ya wuce kimanin milimita ɗaya da rabi za ka ji shi a jiki. Tayar laka tana da wuyar aunawa saboda gibin da ke tsakanin haƙoranta, don haka a naɗe tsakiyarta da salatif mai faɗi tukuna. Ka maimaita a gefen tayar, sannan a leɓen rim ɗin kansa, ciki da waje. Leɓen ciki shi ne ya fi lanƙwashewa in an daki dutse, musamman ga masu rage iska don shiga rairayi, kuma ba wanda ke ganinsa sai an shiga ƙarƙashi.

Idan rim lafiya lau amma taya na tudu, duba wani siririn layi da ke jikin tayar, yana zagaye kusa da leɓen rim. Masu ƙera taya sun yi shi ne don a gane ko ta zauna daidai. Tazararsa da rim ta zama ɗaya duk zagayen. In a wani wuri ya nutse a wani wuri ya fito, an hura tayar ba ta gama hawa ba, galibi don an ɗaura ta a bushe ba a shafa mata man ɗauri ba, ko akwai ƙasa a leɓen. A sauke ta, a goge, a shafa, a sake hurawa. Sababbin tayoyi da yawa suna zuwa da ɗigo a gefe. Rawaya yana nuna wurin da tayar ta fi rashin nauyi, ana saita shi da bawul. Ja yana nuna wurin da ta fi tudu ko tauri, ana saita shi da alamar kwarin rim in rim ɗin yana da ita. In duka biyun suna nan, jan ake bi. Je ka dubi naka, zan yi mamaki in an kula da su.

Akwai kuma aibin da fensir ba ya kamawa. Taya tana iya zama zagayayya a ido, amma wani ɓangare na jikinta ya fi tauri, sai ta riƙa tura mota sama duk lokacin da wurin ya taka ƙasa. Wannan sai injin da ke danna taya da abin nadi yana juya ta, irin Road Force na kamfanin Hunter. In akwai mai shi kusa da kai, ya fi maka balansin goma. Zai gaya maka ko juya tayar a kan rim zai gyara, ko tayar ce za a mayar wa mai ita.

Ka ce rim ɗin sababbi ne, to nan ma akwai magana. Rim na asali ramin tsakiyarsa ya yi cif da wuyan hob, shi ke saita shi. Na kasuwa yawanci ana faɗaɗa ramin don ya shiga motoci iri-iri, sai ya zama notina ne kaɗai ke saita shi. In haka ne, ko dai a sa zoben da ke cike ratar, ko a ɗaure da haƙuri: taya a sama, a kama kowane noti da hannu, a bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, sannan a sauke a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Wanda ya ɗauki bindigar iska ya datse noti na farko har ƙarshe ya riga ya karkatar da rim, sauran notinan tabbatar da karkatar kawai za su yi. Ka duba kuma ko notin ya dace da ramin. Rim ɗin alminiyon na Toyota da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa yake aiki, yawancin na kasuwa kuma mai tsinin gindi suke so. A gauraya su, rim ba zai zauna ba, kuma noti na iya kwancewa a hanya. Tsatsa ko ƙasa a fuskar hob ma ta isa. Ɓarɓashin da bai kai kaurin farce ba a kusa da tsakiya, kafin ya kai bakin taya mai inci 33 ya zama kaɗawar da ido ke gani. Buroshin waya ne maganinsa. Bayan kowane ɗauri, a sake bin notina in an yi tafiyar kilomita 80 zuwa 160.

Tayarka sabuwa ce, don haka zan taƙaita a kan lalacewar taya, amma ka riƙe alamomin. In mota tana rangaji a ƙaramin gudu, kilomita 20 zuwa 40, sitiyari na kai da komo a hannunka a hankali, ka zargi wayar cikin taya ta rabu da roba. Shafa tafin tayar za ka ji ƙullutu ko ka ga layukanta sun karkace. Wannan ba ta gyaruwa, kuma fashewa take yi, a cire ta a ranar. In girgizar da safe ce kawai, ta ɓace bayan 'yan kilomitoci, tayar ce ta kwanta a wurin da ta kwana, tana ɗumama za ta miƙe. Wadda aka ja da birki har ta goge a wuri ɗaya kuwa ba ta dawowa. In haƙoran taya sun ci rami-rami, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shokozoba ya mutu ya bar ta tana tsalle, kuma ko ka canza shi tayar za ta ci gaba da ƙara. Sabuwa ma a duba shekarunta: lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, misali 2319, suna nufin mako na 23 na shekarar 2019.

To, in tayoyi sun fita daga zargi, sai mu koma kan ɗagawar da ka yi. Furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksul, tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka girgizarta daban take. Ta taya jijjiga ce da za ka iya kusan ƙirgawa. Ta furofela zuza ce mai laushi, kana jin ta a tafin ƙafa da ƙasan kujera, madubi ya dushe. Babbar shaidarta ita ce tana canzawa da totur: ka taka ta ƙaru, ka ɗaga ƙafa ta ragu, ko akasin haka. Ta taya ba ruwanta da ƙafarka, gudu kawai ta sani. Ɗaga mota yana ƙara karkatar furofela, kuros ɗin, wato gaɓar da ke bakin furofela, da ya saba aiki a kwance sai ya koma aiki a gicciye, in da ma ya fara gajiya nan take zai tona kansa. Kama furofelar da hannu ka murɗa ka girgiza, mota a kashe an tokare tayoyi. Ko ɗan motsi a kuros, ko jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin kofunansa, ya gama aiki. In an taɓa zare furofelar gida biyu, a tabbata an mayar da kunnuwan kuros na gaba da na baya a layi ɗaya. Motarka tana da wata dama: ka buɗe makullan hob na gaba, ka bar giyar taimako a 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, furofelar gaba ba za ta juya ba. In girgizar ta tafi, ka san gidanta. Kada kuma ka yi tafiya a busasshiyar kwalta da 4H, wato duk tayoyi huɗu na ja, domin ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya, motar ta yi ta ƙwacewa a kwana.

Akwai wata rawar da ba na so ka haɗa ta da waɗannan. Motoci masu aksul ɗin gaba guda, irin Land Cruiser jerin 70, da tsofaffin samfurin Nissan Patrol da na Land Rover Defender, da Jeep Wrangler, suna da ita, har Amurkawa suna kiranta rawar ajali. Kana tafiya lafiya, ka taka rami ko gaɓar gada, sai gaban motar gaba ɗaya ya kama kaɗawa da ƙarfi kamar zai cire, kuma ba ya tsayawa sai ka rage gudu sosai. Wannan ba ta dalma ba ce, ko da yake taya mara balansin tana iya tayar da ita. Asalinta sako-sako ne a wani wuri: bushin ko kusar sandar da ke riƙe aksul kada ya gudu gefe, kawunan tayarod, boris ɗin wuyan aksul, boris ɗin taya. Ɗagawa tana ƙara mata ƙarfi domin tana juya aksul, ta rage kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, abin da masu alaimen ke kira kasta. Akwai bushin na musamman da ke dawo da ita. Gwajin na mutum biyu ne: mota a ƙasa, ɗaya yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, ɗaya a kwance da tocila yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Hannu yana jin ƙwas ɗin da ido bai gani ba. Za a ce maka ka sa sabon shokozoban sitiyari. Zai rufe bakin abin na ɗan lokaci, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. In ta kama ka a hanya, riƙe sitiyari da kyau, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu a hankali, kada ka danne birki da ƙarfi.

Birki da boris ba su da wuyar ganewa. Girgizar da ba ta zuwa sai ka taka birki, diski ne ya ci ba daidai ba ko dirom ya fita daga zagaye. Boris gurnani yake yi, yana ƙaruwa ko raguwa in ka karkata hagu ko dama. In kuma mota a tsaye ka ba ta wuta ka ji irin girgizar, je ka wajen inji da kujerunsa, wato robobin da yake zaune a kai, ka ƙyale taya.

Babbar motar kuma, ka tambayi direban abu biyu: da kaya ko babu kaya, kuma a sitiyari ko a kujera? Mota mara kaya sifirin ɗinta a sandare yake, tana tsalle ko da komai lafiya, musamman in iskar tayoyin ta cikakken lodi ce. In da kaya ma tana yi, a fara da tagwayen tayoyin baya. Dole tsayinsu ya zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 6 a tsayi, ko milimita 19 in an zagaya su da tef. In ya wuce, doguwar ce ke ɗaukar kayan, gajerar tana jan ƙasa tana cin rami-rami. Haka in iskarsu ta bambanta, kuma ta ciki ce kullum ake mantawa. A leƙa tsakaninsu ko dutse ya maƙale.

Sai ɗaurin. Manyan motoci suna da tsari biyu: wanda wuyan hob ke saita rim, da noti mai faffaɗan gindi, da wanda kusoshi ke saitawa, da noti mai zagayayyen gindi. Ba a gauraya rim ko notin wannan da na wancan. A tsarin farko, a juya hob ɗaya daga cikin 'yan tudun da ke riƙe rim ya zo sama daidai, a tabbata dirom ya hau wurinsa, sannan a fara ɗaurewa daga notin sama. In dirom ya zame daga kan tudunsa aka ɗaure a haka, ƙarfe mai nauyin gaske ne ke juyawa ba a tsakiya ba, kuma babu balansin tayar da zai gyara shi, domin ba a kan inji yake ba. Kusoshi masu kaurin milimita 22 na wannan tsari ana ɗaure su ne a kusan 610 zuwa 680 na Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, a fuska mai tsabta, ba fenti mai kauri ba tsatsa. Furofelar irin wannan mota gida biyu ko uku ce, da boris mai roba a tsakiya, robar in ta yage za a ji bugu lokacin tashi da kaya. A gaba kuma a ɗaga aksul a gwada kinfin, wato ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari.

Da motarka tana gabana, ga yadda zan bi ta. In wanke rim, in daidaita iska, in hau titi mai santsi in kai ta gudun da take rawa, in ɗaga ƙafa in sake takawa in ji ko ta canza. Daga nan in mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, taya ko rim ne, sai in bi su ɗaya-ɗaya da fensir. In ba ta motsa daga sitiyari ba, in shiga ƙarƙashi da tocila. In tsofaffin tayoyinka da rim ɗinsu na asali suna nan a ajiye, ɗaura su ka zagaya kilomita goma. Wannan gwajin kaɗai zai raba maka gardama tsakanin tayoyin da ɗagawar, kuma yadda ka bayyana abin, ya fara ranar da aka sa sababbin rim yana kuma zuwa a gudu ɗaya, na fi sa ran za ka same shi a ramin tsakiyar rim ko a layin nan na gefen taya.